Doki, jinya da zawarci: me ya haɗa su cikin labari guda?

Wata ƙawar matata da ke koyarwa a wata lakkol nan Maradi ta ara mani wani littafi kwanakin baya, labarin turawa ne da aka juya zuwa Faransanci, ta ce in karanta in gaya mata ko ya tuna mani da wani abu. Ban kai rabi ba na gane inda ta dosa. Ba sai na faɗi sunan littafin ba dan irinsa suna da yawa kuma zubinsu ɗaya ne: mace ce ta haura shekara 40, aurenta ya mutu, ana cikin haka aka kira ta a waya cewa uwarta ba lafiya, ta tattara ta koma ƙauyen da ta tashi, can ta iske dokin da ta saba hawa tun tana yarinya ya tsufa ba mai kula da shi. Shi kenan sai labari ya dinga kai da kawo tsakanin ɗakin mara lafiya, turken doki, da takardun kotu na rabuwa da miji.

Abin da ya sa ta ba ni shi kuwa ta san gidanmu. Ta san shekarar da Baba ya faɗi da ciwon shanyewar ɓarin jiki ita ce shekarar da Yayata ta dawo gida da takardar saki da ɗiya biyu, kuma a lokacin akwai ingarman Baba ɗaure a bayan zaure, wani akawal, wato baƙin doki, da yake hawa ranar Sallah cikin tawagar wani basarake. To ka ga abin da marubuciyar can ta zauna ta ƙirƙira mu a tsakar gidanmu ya faru, sai dai bai faru yadda ta rubuta ba, kuma bambancin nan shi nake so mu ɗan zauna kansa.

Yawancin masu karanta irin wanga labari in ka tambaye su aikin dokin a ciki sai su ce ai alamar 'yanci ne, mace ta fita daga ƙangin aure ta hau doki ta saki linzami iska na kaɗa ta. Ni ban yarda ba. Wannan hoton bangon littafi ne kawai, na jawo mai saye. Wanda ya taɓa kiwon doki ya san hawa shi ne ɗan ƙaramin abu a ciki, in ka hau awa guda a rana ka yi da yawa, sauran awa 23 ɗin dawainiya ce. Doki cikinsa ƙarami ne in aka kwatanta da girman jikinsa, shi ya sa ba a jibga masa abinci sau ɗaya a tafi, kaɗan kaɗan yake ci kusan wuni duka har cikin dare. Kuma Allah bai yi shi da iya amai ba, duk abin da ya shiga sai dai ya wuce ta baya, saboda haka in ya ci dussa mai hunhuna ko aka cika masa gero lokaci guda ko aka canza masa ci ba zato, ciwon ciki ya kama shi, sai ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba yana waiwayen cikinsa yana son birgima, kuma wannan ciwon na kashe doki cikin dare ɗaya. Ruwa kuwa lita 30 ba komai ba ne wurinsa, balle a zafin Afrilu na Maradi. Ga share barga, ga wanka, ga gyaran kofato bayan 'yan makonni, ga kanwa, ga hayaƙi da damina saboda sauro da ƙananan ƙwarin da ke ɗauko masu cuta. Dabba ce da ke iya kai shekara 25 ko fiye, wato in ka ɗaure ta ka ɗaure wa kanka aiki na rabin rayuwa.

Yanzu ajiye wannan ka dubi jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. A juya shi bayan kowace awa biyu dan kar gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da diddige. A ba shi abinci kaɗan kaɗan yana zaune, dan haɗiya ta lalace, in kunu ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu wani ciwon ne sabo. A auna tansiyon, a ba da magani kan lokaci, a miƙe masa hannu da ƙafa kullum kar gaɓoɓi su sandare, a wanke shi, a canza shimfiɗa. Kuma bakinsa ya karkace magana ba ta fita sosai, dole mai jinya ta koyi karanta ido da motsin hannu guda da ya rage. Ka ga kamar? Duka biyun rai ne da ba ya iya ce maka ga inda ke mani ciwo, kuma duka biyun ba ruwansu da halin da kake ciki. Doki bai san an sake ki ba. Da asuba zai yi haniniya ya buga ƙafa yana son ruwa ko kin kwana kuka ko ba ki kwana ba. Wannan a ganina shi ne igiyar da ta ɗaure labarin, kuma marubuciyar da ta san abin da take yi a nan take zama, ba a kan sirdi ba. Mutumin da rayuwarsa ta watse abin da ke fara tsayar da shi shi ne wani abu da ke tilasta masa tashi a kan lokaci.

Akwai kuma wani abu na gaske game da doki da littafin ya kama daidai, dole in yaba. Dabba ce da asalinta abin farauta ce, kullum cikin sauraro take, idanunta a gefe suke tana ganin kusan ko'ina ban da daf da bayanta da daf da goshinta, shi ya sa ba a zo mata ta baya shiru. Tana jin ɗar ɗin jikin wanda ke kusa da ita, in hannunka na rawa kan ragama ko numfashinka ya canza ta sani. A Turai da Amurka har wurare ake da su da ake amfani da dawaki wajen taimakon masu naƙasa da masu damuwa. Mu ba mu ba abin suna ba amma tsofaffin masu doki sun daɗe suna cewa kar ka je wurinsa da fushi. Yayata makonnin farko in ta shiga bayan zaure akawal ɗin nan sai ya kwantar da kunne baya ya juya mata gindi, ita ko ta ce "kai ma ka tsane ni ko?" Yaron da ke yankan ciyawa, ɗan shekara 14, shi ya ce mata "Yaya ki daina shigowa da sauri, ki yi masa magana tun daga ƙofa." Ta yi dariya, ita ce dariyar farko da na ji ta yi tun dawowarta.

To amma ga inda labarin turawa ba zai zauna daidai a Maradi ba, in wata marubuciyarmu ta ce za ta kwaikwaya ta saka a guruf na WhatsApp ko Wattpad inda yanzu littattafan Hausa suka koma.

Na farko sakin kansa. Baturiyar littafin ta je kotu da lauya, an raba gida an raba kuɗin banki, ta fito da rabonta ta sa a mota. Nan ba haka ba ne. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya da ya hau kan kowa, an yi ta yunƙuri ana fasawa, na 2011 ma bai kai ko'ina ba bayan ƙungiyoyin addini sun ƙi shi, saboda haka maganar aure da saki da gado al'ada da fiƙihun Malikiyya ake bi, gaban malam ko mai unguwa ko fada, in ta yi tsami a je jastis. A addini dukiyar miji tasa ce ta mata tata ce, ba a rabawa. Abin da take fita da shi kayan ɗakinta ne da sadakinta in bai riga ya narke cikin tukunya ba, in kuma ita ta nemi rabuwar ta hanyar hul'i ma sai ta mayar da sadakin. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 228 ya sa idda ƙur'i uku, wato tsarki uku a Malikiyya, mai ciki kuma aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce sai ta haihu, kuma farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce kar a fitar da su daga gidajensu, wato a ɗakinta ya kamata ta yi iddar yana ciyar da ita ko Allah zai sa a yi kome. Aya ta 241 a Baƙara ta yi maganar kyautar sallama ga wadda aka saka. Amma mu faɗi gaskiya, nawa ne cikinmu suka taɓa ganin an yi haka? Abin da muka saba gani shi ne da la'asar an miƙa takarda, kafin magariba adaidaita ta tsaya ƙofar gidan uba da akwati da yara, kwana biyu a aiko amalanke da gado da kwanuka. Haka ta Yaya ta kasance. Riƙon yara ma a mazhabar Malik uwa ce ke da haƙƙi, namiji har ya balaga mace har ta tare gidan miji muddin uwar ba ta sake aure ba, amma al'ada sai ta ce ɗa na uba ne, ana yaye ko ana kai shekara bakwai a zo a ɗauke.

Saboda haka sabon farawa na baturiya da na bazawarar Maradi ba abu ɗaya ba ne. Ita waccan matsalarta kaɗaici, gida shiru ba kowa. Tamu matsalarta rashin wuri, gida cike da mutane amma ɗakinta na budurci an riga an ba ƙane ya yi aure ciki, tana kwana ɗakin Inna a tabarma, kowa na da ra'ayi kan abin da ya kashe auren, in ta yi kwalliya a ce tana neman maza in ba ta yi ba a ce ta saki jiki shi ya sa aka sako ta. Kuma ana gama idda agogo ya fara bugawa, gwaggo ta zo da maganar wani Alhaji mai mata biyu, kawu ya zo da ta wani direba.

A nan ne ciwon Baba ya shigo, kuma wannan shi ne ɓangaren da na fi jin nauyin faɗa. Jinyar ta ba Yaya mafaka. Tunda ita ce ba ta da miji, ita ce "ba ta da aikin yi", sai duk muka sakar mata, mu maza mukan shigo da safe mu ce "Baba ya jiki", mu ajiye jika biyu ko uku na magani mu hau babur, ƙannenta mata na gidajen mazansu sai dubiya ranar Juma'a da kwanon tuwo. Ta wani gefen ya rufe bakin masu cewa ta yi aure, dan ba mai kunyar da zai ce a ɗauke mai jinyar tsoho. Ta wani gefen kuwa mun mayar da mutuwar aurenta ribarmu. Da ba a sake ta ba da wa zai yi? Wannan tambayar ba wanda ya yi ta a fili a gidanmu, ni ma sai yanzu da nake rubutu. Littafin turawan ya taɓo abin kaɗan, akwai ɗan'uwa da ke birni yana turo kuɗi da shawara ta waya, na karanta wurin ina jin kamar da ni ake.

Sannan kuɗi. Can akwai inshora da gidan kula da tsofaffi, rigimarsu ita ce a kai uwa can ko kar a kai. Nan tun wajen 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, amma tsoho mai hawan jini komai daga aljihu, ordonansi, analis, hoton kai, kuɗin mai motsa gaɓoɓi da muke ce ma kine, kuma in aka ce sai Yamai to ka shirya tafiyar sama da kilomita 600 da mutumin da ba ya iya zama. Wasu Katsina suke nufa ta Ɗan Isa da Jibiya tunda ta fi kusa nesa ba kusa ba, ko su zarce Kano, in iyaka na buɗe kuma hanya na da lafiya. Duk marubucin da zai rubuta jinya a Maradi bai sa lissafin kuɗi a ciki ba bai rubuta jinya ba. Kuma dole wata rana idon kowa ya koma kan turke, dan doki shi ne kadara mafi tsada da ke tsaye a gidan yana cin gero da mutane ke buƙata. Mu an yi wannan zaman har sau biyu. Babban wanmu ya ce a sayar, kuma ba ƙarya ya yi ba, harawar da dabbar ke ci a wata ta isa maganin wata. Aka je aka gaya ma Baba a hankali, shi ko ya kawar da kai ya dubi bango, daren nan bai karɓi kunu ba. Inna ta ce "ku bar masa abinsa."

Wanda ba ɗan nan ba ne zai ce son zuciya ne. Amma doki a Maradi ba dabba ce kawai ba, garin ma a bayan doki aka kafa shi. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19 sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maradi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri nan kusa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga nan aka yi shekaru ana kai hari kudu da mahaya, zamanin Ɗan Baskore har ƙofar Katsina. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi, kuma shi ya sa tsohon da ba shi da ko sisi zai yarda ya kwana da yunwa dokinsa ya ci. Ga mutumin da jiya yake zamiya gaban fada yau sai an ɗaga shi a kai shi bayan gida, haniniyar da yake ji daga bayan zaure ita ce shaidar da ta rage masa cewa shi ne dai.

Wannan tarihin kuma shi ne ya sa wurin da baturiya ke hawa ta yi sukuwa ba zai kwafu ba. Doki nan na maza ne da sarauta da angwaye da 'yan sukuwa. Eh ana zana Amina ta Zazzau bisa doki da takobi, kuma fadar Maradi na da Iya, Gobir na da Inna, mata masu iko na gaske, amma bazawara 'yar shekara 36 ta ɗaura sirdi ta ratsa unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo nan Maradi da rana tsaka? Kafin ta dawo an gama da ita a bakin mutane, an ce iska ce. Abin dariya ma a harshen 'yan bori da ƙasar nan ta yi suna da su macen da iska ke hawa ita ake kira goɗiya, wato a tsohon tunaninmu mace ba mahayiya ba ce, abin hawa ce. Ni dai in marubuciya ta sa jarumarta ta hau doki cikin garin nan ba tare da ta nuna abin da zai biyo baya ba, na san daga fim ta ɗauko. Yaya ba ta taɓa sa ƙafa a likkafa ba ko sau ɗaya. Amma ita ta san in kashinsa ya canza, ita ke jiƙa dussa ta tsame tsakuwa daga gero, ita ta gano ƙaya a kofato ranar da ni mai hawan na ce gurguntar ƙarya yake.

Ƙarshen labari kuma kowa da irin ƙaryarsa. Na turawa likitan dabbobi ne kyakkyawa marar mata yake ɓullowa a babi na biyar, kana ganinsa ka san inda za a. Namu na Hausa kuwa sai wani matashin Alhaji mai kamfani ya gan ta a farmasi ya rikice, a yi biki na kece raini, tsohon miji ya talauce ya zo yana kuka. Na gane dalili, mai karatu ta sha wuya a rayuwa tana son a rama mata ko a takarda ne. Amma duka biyun sun tsallake tambayar da ke hana bazawara barci, wato da me zan ci in ciyar da yaran nan ba tare da na miƙa hannu ga ƙanena ba. Alhali amsar na nan kusa, a yankin nan na Maradi ne aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, mata su haɗa 'yan kuɗi duk mako su ranta ma juna, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da yawa, ga adashe da muka gada, ga ƙuli da man gyaɗa da kiwon tumaki na Layya. Ba ya da daɗin karantawa kamar lefe akwati 12, na sani.

Yaya dai ta hanyar cikin dokin nan ta samu tata. Da yake ita ke sayen harawa, ta lura da kaka dami kusan kyauta ne, manoma na neman kuɗin hannu, amma daga Afrilu zuwa faɗuwar ruwa sai ya ninka ya sake ninkawa, masu tumaki da dawaki na bi gida gida suna nema. Kaka ta biyu da dawowarta ta kwashi adashenta ta sayar da 'yan kunnenta na zinari guda, ta sa yaron ciyawa ya bi ƙauyukan hanyar Madarunfa da amalanke, ta cika rufin ɗakuna uku da harawar wake da ta gyaɗa har Inna na faɗan za a karya mata azara. Baba ya yi shekara biyu da wata huɗu a kwance kafin Allah Ya karɓi abinsa, dokin kuma babban wanmu ya sayar bayan an yi arba'in, wani daga Tsibiri ya saya. Ranar da aka zo tafiya da shi Yaya na bisa tsani tana sauko ma wani mai saye dami, mutumin na cewa "Hajiya ki rage mani, bara ba haka kika sayar mani ba", ta ce "bara ma ba haka na saya ba." Da aka fito da akawal ɗin ta bayan zaure ta dakata, ta ce ma wanda ya riƙe ragamar kar ya ba shi gero yau sai gobe in ya huce daga tafiya, kuma ya dinga yi masa magana tun daga ƙofa, sannan ta juya ta ci gaba da ƙirga damin.